Kuɗin Harajin Da Suka Hana Ni Cin Tuwo

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tashe mu lafiya ya tara mu a nan yau. Baba Pasto, dattawa, iyaye mata, matasa, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Bitrus, amma a Gar, wato tasha, in ka ce Bitrus ba wanda zai nuna maka ni, sai ka ce Mai Buhu. Buhuna da tampol da igiya nake sayarwa a bakin tashar manyan motoci, yau shekara goma sha tara tun da na baro Nijar na zauna Paraku. Matata Saratu ga ta can cikin mata, ta sunkuyar da kai domin ta san abin da zan faɗa.

Na ga wasunku suna kallon juna. Gaskiyarku. Wata biyu da suka wuce na tsaya a daidai wannan wuri na ba da shaida, kuka tafa, mata suka yi guɗa. Yau na dawo ne in gyara waccan shaidar, domin bakina ya riga hankalina isowa a ranar.

Bari in fara daga farko.

Ina da aboki a garin Jugu, sunansa Malam Idi. Musulmi ne, sana'arsa bin ƙauyuka yana sayen ƙwallon kaɗanya a hannun matan da ke tsinta, ya tara, ya kai wa manyan kamfanoni. Buhu ne ya haɗa mu. Lokacin da na zo ƙasar nan ba ni da kowa, shi ne mutum na farko da ya sayi buhu ɗari a hannuna, ya kuma faɗa wa abokansa su zo wurina. Ranar da aka haifi 'yata Hannatu, da rago ya zo. Da Sallah naman gidansa yana isowa gidana a unguwar Gema kafin ya huce, da Kirsimeti kuma shi ke fara buɗe tukunyar Saratu. Ba ni da ɗan'uwa na jini da ya kai mini shi.

To, kun san 'yar'uwarmu Madam Debora, mai cika wa ƙananan 'yan kasuwa takardun haraji. Ita ta matsa mini har na je na yi rajista, aka ba ni lambar haraji. Malam Idi kuwa bai yi ba. Shi in ya ga takarda da Faransanci sai kansa ya soma ciwo. Ga shi kamfanin da yake kai wa kaya yakan yanke wani abu kafin ya biya, ya tura wa gwamnati a matsayin haraji, kuma wanda ba shi da lamba an fi yanka masa da yawa.

Wata rana ya zo shagona ya ce, "Mai Buhu, ara mini lambarka mana."

Na ce, "Ɗauka."

Shi ke nan fa! Ba dogon zance. Mu a kasuwa muna aron sikeli, muna aron tsani, muna aron baro, to mene ne lamba? Damina uku yana kai kaya da sunana. Kuɗi su faɗo a asusuna, in cire, in miƙa masa yadda suke. Ƙananan takardun da kamfani ke bayarwa kuwa sai in jefa cikin gwangwanin biskit, ƙarshen shekara in kai wa Madam gwangwanin gaba ɗaya. Ban taɓa karanta ko ɗaya ba, ban kuma taɓa gaya mata na wane ne ba.

Bana sai ga takarda daga ofishin haraji, da sunana da hatimi. 'Yan'uwa! Na ce shi ke nan, an gano mu. Na tura takardar nan ƙarƙashin buhuna, kwana tara ban taɓa ta ba. In na hango mai kaki ya nufo layinmu sai in ga kamar ni ya zo ɗauka.

Da na gaji da tsoro na kai wa Madam Debora. Ta karanta, ta yi dariya har ta cire tabarau.

Ta ce, "Baban Hannatu, ba kama ka za a yi ba. Ni na rubuta musu. Abin da aka yi ta yanka da lambarka ya fi abin da ya kamata ka biya, shi ne za su maido maka da rarar."

Na ce, "Wa zai maido?"

Ta ce, "Gwamnati."

Na ce, "Madam, tun ina yaro nake ganin ana karɓar lamfo, wato haraji, ban taɓa ganin ya juyo gida ba."

Amma ya juyo. Sefa jaka ɗari huɗu da 'yan kai suka faɗo a asusuna ranar wata Alhamis. Na dubi waya, na goge ido, na sake duba. Ban tsaya na tambayi kaina daga ina suka fito ba. Mutum ya ga kuɗi da sunansa, me zai tambaya kuma?

Ranar Lahadi na miƙe a nan na ce Allah ya buɗe mini taga daga sama. Daɗin tafi ya kwashe ni, na ce ni Bitrus zan rufe ajin yara da kwano kafin ruwa ya sauka. Kun tuna. Abin da ba ku sani ba shi ne, tun ranar Juma'a na riga na yi wa Saratu alkawarin firiji don ta riƙa sayar da zoɓo mai sanyi. Ranar Asabar kuma na ce wa ƙanena Luka ya soma neman babur, zan saya masa ya shiga zemijan, wato acaɓa. Kuɗi ɗaya, na kashe su sau uku da baki. Litinin da safe na je na sayo kwano goma sha biyu, don a ga da gaske nake.

A ranar ne da yamma, muna zaune a tsakar gida, tuwon doya a gabana, Saratu ta yi mini tambaya. Ba da faɗa ba, a hankali, tana tsame nama tana sa mini.

Ta ce, "Baban Hannatu, ni kam ban gane ba. Buhu nawa ka sayar har aka yanka maka wannan kuɗi? Ai masu sayen buhunka ba sa yanka kome."

Na ajiye lomar da ke hannuna.

Na yi mata tsawa. Allah ya gafarta mini, na ce mata ita me ta sani a harkar gwamnati, ta ji da tukunyarta. Amma na riga na ji. Duk abin da aka yanka, daga kaɗanyar Malam Idi aka yanka. Ko dala ɗaya ba ta fita daga buhuna ba.

Daga nan ruɗewa ta soma, kuma ban taɓa shiga irinta ba.

Na koma wurin Madam Debora na faɗa mata gaskiya. Ta riƙe baki. Ta wanke ni tas a kan aron lamba, ta ce abin da na yi ba daidai ba ne, zai iya jawo mini abin da ban zata ba. Sannan ta ce, "Amma a takarda, kuɗin nan naka ne. Sunanka ne a kai." Na fito ina jin sanyi-sanyi.

Na je wurin Luka. Ya ce, "Yaya, kai ma dai! Da abin ya ɓaci wa za a kama, kai ko shi? Ladan sunanka ne Allah ya biya ka. Kuma shi bai ma san da su ba." Na ce haka ne. Ban lura ba a lokacin cewa mai jiran babur ne ke ba ni shawara.

Na je wurin ɗaya daga cikin dattawanmu, ba zan faɗi suna ba. Ya ce, "Ka riga ka tsaya gaban jama'a ka ba Allah. Abin da aka ba Allah ba a komawa a ɗauka." To, nan ne kaina ya ƙara kullewa. In na kai wa Malam Idi, na ƙwace wa Allah. In na ba Allah, na ƙwace wa Malam Idi. In na raba biyu, ajin yara bai rufu ba, abokina kuma bai samu nasa ba. Firiji da babur kuwa suna gefe suna kallona.

Na zo wurin Baba Pasto ina sa ran shi zai yanke mini. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Ɗana, me zuciyarka take gaya maka?"

Na ce, "Baba, abu biyar take gaya mini, kuma duk a lokaci ɗaya."

Ya ce, "To, je ka tambayi wanda ya halicce ta."

Baba, ka yafe mini, ranar na fita ina gunaguni. Na ce na zo neman amsa an ba ni aikin gida.

Mako uku ina cikin wannan hali. Abinci ya fita raina. Saratu ta kawo, in taɓa, in ture. Na je asibiti aka ce jinina ya hau. Wata rana na hau zemijan har kasuwar Arzeke, na sauka, na tsaya tsakiyar masu doya ban san abin da ya kawo ni ba. Wani direba ya sayi tampol ɗaya na naɗe masa biyu, shi ya dawo mini da ɗayan yana tambaya ko lafiya.

Amma mafi muni shi ne waya. Malam Idi ya kira ni, na ga sunansa, na kife wayar. Washegari ya sake kira, na sake kifewa. Sau huɗu! Mutumin da in ya kira ko ina wanka nake fitowa da kumfa in amsa. Ba faɗa muka yi ba, bai yi mini kome ba. Kawai na san in na ji muryarsa, ko dai in faɗa masa, ko kuma in yi masa ƙarya, kuma ban shirya wa ko ɗaya ba.

Sai ya aiko direban kamyo, wato babbar mota, da saƙo. Direban ya tsaya a ƙofar shago ya ce, "Malam Idi ya ce in dubo ka. Ya ce in ba ka da lafiya ne ya taho gobe. In kuma laifi ya yi maka, ka faɗa masa ya ba ka haƙuri."

'Yan'uwa, wannan saƙo ya karya ni.

Da direban ya tafi, rana tsaka ce, kasuwa na ci, na jawo ƙofar shago na rufe. Na durƙusa a kan buhuna. Ban yi addu'a mai tsari ba. Na ce, "Yesu, na ruɗe. Ban san na wane ne ba, ban san abin da zan yi ba. Na yi alkawari da abin da ban tabbata nawa ne ba. Ina jin kunyar ikilisiya, ina jin kunyar matata, kuma ina son kuɗin nan, ba zan ɓoye maka ba, ina son su. Ga shi zan rasa abokina a kansu. Ka fitar da ni, ni na kasa."

Ban ji murya daga sama ba, ba zan ƙara muku gishiri ba yau. Abu ɗaya ne kawai ya faɗo mini a rai, ya zauna daram. Na zaga Paraku ina tambayar mutane, kuma duk cikinsu ba wanda aka yanka wa ko sisi. Mutum ɗaya da ya kamata in tambaya, shi nake gudu.

Na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Da na tashi, yunwa nake ji, karo na farko cikin mako uku.

Washegari da safe na je banki na cire abin da ya rage, na shiga motar Jugu. Kada ku ɗauka na zama waliyyi a hanya. Tun daga fita gari har muka isa ina ciniki da kaina. Wataƙila ya ce in riƙe rabi. Wataƙila ma ya ce in riƙe duka, ai mutumin kirki ne. Har na shirya yadda zan ƙi sau biyu, in karɓa a na uku.

Na same shi a ƙofar sitonsa yana gyaran sikeli. Da ya gan ni ya miƙe ya riƙe hannuna da hannu biyu.

Ya ce, "Mai Buhu! Ka rame. Me ya same ka?"

Na ce, "Malam, zauna, magana ce."

Na ajiye kuɗin a kan tabarma na yi masa bayani. Bai gane ba. Na sake. Ya ce, "Tsaya. Gwamnati ce ta maido da kuɗi? Da kanta? Ka tabbata ba tarko ba ne?" Sai da na yi bayani sau uku. Na faɗa masa har alkawarin da na yi a majami'a, da kwano goma sha biyu da na riga na saya, da dalilin da ya sa na ƙi ɗaukar wayarsa. Na ce, "Kuɗinka ne. Ka yafe mini."

Na zauna ina jiran ya yaba mini.

Can ya ce, "Ba nawa ba ne."

Na ce, "Kamar yaya?"

Ya ce, "Ni ban yi asarar kome ba, Mai Buhu. Tun ranar da kamfani ya soma yanka, na rage wa matan ƙauye kuɗin kowane kwano. Na ce musu lamfo ne. Su suka biya."

Ya Ubangiji! Na taho da kaya a kai don in sauke, ashe wanda zan sauke wa ma ba nasa ba ne. Ga mu nan, manya biyu masu furfura, kuɗi a tsakaninmu, kowa ya janye hannunsa. Kuma zan faɗa muku gaskiya, haushi na ji. Rabin da nake ta lissafi a mota ya tashi a banza.

Na ce, "To yanzu yaya za mu yi?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Kai ka kawo mini wannan ciwon kai." Muka dubi juna, dariya ta kuɓuce mana, irin dariyar da ba ta da daɗi sosai.

Bayan ya yi sallar azahar ya ɗauke ni a babur zuwa ƙauyen da ya fi sayen kaya. Aka tara matan a gindin bishiya. Shugabarsu wata dattijuwa ce, Inna Asana. Ni ba na jin yarensu, Malam Idi ke fassara. Ya tsaya gabansu ya faɗi abin da ya faru, bai rage nasa laifin ba. Su ma suka ruɗe! Wata ta ce a raba. Wata ta ce a raba yaya, wa ya san kwano nawa kowa ta kawo cikin damina uku? Wasu sun yi aure sun bar garin, wasu daga ƙauyukan gefe suke zuwa. Hayaniya ta tashi har na soma nadamar zuwa.

Sai Inna Asana ta ɗaga hannu. Ta kira wata matashiya, ta ce ta nuna ƙafarta. Ƙafar ta shanye daga idon sawu, ta yi baƙi. Malam Idi ya juyo ya ce mini a hankali, "Maciji ne. Da sassafe suke shiga ciyawa tsintar kaɗanya, da silifa, wasu ma ba takalmi." Dattijuwar ta ci gaba da magana, shi yana fassara. Ta ce bara sun binne mace biyu, ɗaya jikarta ce. Ta ce in da gaske kuɗinsu ne, a saya wa kowace mai tsinta dogon takalmin roba da safar hannu kafin kaɗanya ta soma zuba, har da matan ƙauyukan gefe. Abin da ya saura a ajiye a hannun mutum uku, don in maciji ya sari wata a kai ta asibiti nan take, ba sai an tsaya neman kuɗi ba.

Duk matan suka amince. Ni da na yi mako uku ina juya abin nan har jinina ya hau, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta warware shi kafin ruwan da aka ba ni ya ƙare a moɗa.

Shekara goma sha tara ina sayar da buhun da ake zuba kaɗanyar nan, ban taɓa tambayar yadda ake tsinto ta ba.

Na ce wa Malam Idi saura kuɗin kwano goma sha biyu, zan cika a hankali. Ya ce a'a, shi zai cika daga aljihunsa, ladan aron lamba ne. Muka yi ta ja, ya fi ni taurin kai. Don haka ku sani, kwanon da ke jingine a bayan ajin yara, Malam Idi na Jugu ne ya biya su, ba ni ba. Kuma makon da ya wuce na riƙe hannunsa har ofis, Madam Debora ta taimaka, yanzu yana da lambarsa. Aron lamba ya ƙare.

Da ya raka ni tasha, kafin in shiga mota, ya ce, "Mai Buhu, da ka ci kuɗin nan, har in mutu ba zan sani ba."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Amma da na rasa ka, kuma ban san dalili ba. Wannan ne da ya kashe ni."

Na shiga mota, sai da ta fita gari na samu na share fuskata.

To, 'yan'uwa, ga ni. Saratu, ba firiji bana, kuma na yi miki tsawa a kan gaskiya, ki yafe mini a gaban jama'a. Luka har yanzu yana gaishe ni da ƙyar, ku sa shi a addu'a, ku sa ni ma. Malaman yara, da ku yara, na yi muku alkawarin rufi da kuɗin da ba nawa ba. Kwano goma sha biyu ba za su rufe ko rabin ajin ba, ga hadari ya soma haɗuwa. In ruwa ya jiƙa ku bana, ni ne na jawo, kada ku ɗora wa kowa. Zan riƙa kawo abin da buhu ya ba ni, kaɗan-kaɗan, wannan kam nawa ne.

Har yanzu akwai abin da ban gane ba. Ban san ko dattijon da ya ce ba a karɓe abin da aka ba Allah ya yi kuskure ba ne, ko ni ne ban fahimce shi ba. Abin da na sani shi ne, Allah bai roƙe ni takalman matan nan don ya rufe ɗakinsa ba. Ya fitar da ni daga ruɗewa, ya sauke mini jini, ya bar mini abokina. Na gode masa, na gode masa, na kuma gode masa!

In akwai wanda ke zaune a nan da abin da ya kulle masa kai, ya zaga gari ya tambayi kowa amma akwai mutum ɗaya da yake gudu, ina roƙonka, ka durƙusa ka faɗa wa Yesu gaskiya yadda take, har da ɓangaren da kake jin kunya. Ka dogara gare shi. Ba lalle ya bar maka kuɗin ba, ni bai bar mini ba. Amma zai ba ka ƙarfin tashi ka je wurin mutumin.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.